Kantar Yatsun Zinatu

Babu abin da Zinatu take taƙama da shi a jikinta kamar kantar da ke kan yatsunta. Akwai ta a kan yatsun hagu, inda take danne tsarkiya, akwai ta kuma a gefen yatsun dama, inda take fizgarta. Fata ce mai tauri, rawaya-rawaya, idan ta ƙwanƙwasa tebur da ita sai ka ji kamar ƙaho. Tun watan Satumba take tara ta, da bororo da jini da kuka a banɗakin makaranta, har ta kai yanzu sai ta wuni tana kiɗa ba ta ji komai ba.

Abin kiɗan kuwa dabul bes ne, wanda ɗalibai suke ce wa bes kawai. Ƙaton abu ne na katako, ya fi ta tsawo duk da ita doguwa ce, da tsarkiyoyin ƙarfe masu kaurin igiyar shanya. A tsaye ake kaɗa shi, a jingina shi da jiki kamar an tallabi mara lafiya, wani lokaci da baka mai izgar doki, wani lokaci da yatsa zalla. A makarantar zane da kiɗa da take zuwa a kudancin Landan, 'yan ajin farko na bes ba su da yawa, kuma ranar Talata mai zuwa za a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ci ya wuce aji biyu. Wanda ya faɗi a sallame shi.

Mahaifinta, Alhaji Nata'ala, babban ma'aikacin gwamnati a Kaduna, ya riga ya yanke magana ta waya tun farkon zuwanta.

"Shekara ɗaya na ba ki. In Turawan sun ce kin iya, to. In sun ce a'a, sai makarantar koyon tafireta, kamar 'yar kowa."

Ƙanwarsa Goggo Hansai, wadda Zinatu take zaune a hannunta, har ta gano wata makarantar tafireta kusa da gida. Duk sanda suka wuce ta a bas sai ta nuna mata ita ta taga.

Shekarar 1975 ce, kuɗin mai ya sa kowa a gida ya gano hanyar Landan. Flat ɗin Goggo da mijinta Dakta Lawal a Camberwell ya zama tasha. Wannan ya zo ganin likita, wannan ya zo kos, wannan ta zo sayen leshi da takalma. Akwatuna har bakin banɗaki, kwalin talabijin a kan kwalin rediyo. Shi ya sa da Zinatu ta roƙi a bar ta ta aro bes daga makaranta ta ajiye a ɗakinta, Goggo ta ce ina wurin yake, kuma ko da wuri ba za a shigo mata da goge gida baƙi suna kallo ba.

Ranar Juma'a da la'asar Zinatu ta dawo ta tarar da falo cike da mata. Washegari za a yi sunan Jamilatu, matar wani ɗan garinsu da ta haihu a Stratford, kuma Hajiya Karimatu, aminiyar Goggo, ta sauka daga Kano da lalle ɗanye shar a akwatinta. An shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan kafet. Mata sun miƙe ƙafafu, an ƙunsa musu da ledar kanti an sa tsohuwar safa a kai, ana ta hira da dariya.

Zinatu ta durƙusa ta gaishe su. Tana shirin miƙewa Hajiya Karimatu ta kamo hannunta ta juya shi.

"Innalillahi! Hansai, zo ki gani. Wannan 'yar Nata'ala ce ko 'yar mai faskare?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta miƙo wuya ta shafa yatsun, ta janye hannu kamar ta taɓa kunkuru.

"Ai gogen ne, Hajiya," in ji Goggo. "Na yi magana har na gaji."

"Ba goge ba ne, Goggo."

"To mene ne? Ga tsarkiya, ga izga, ga ƙaro. Goge ne da ya ci abincin Turawa ya ƙoshi."

Falo ya sake ɗaukar dariya. Zinatu ta yi ƙasa da murya.

"Hajiya, a ƙafa kawai za ki yi min. Hannun ina da jarrabawa ranar Talata."

"To, lalle ya taɓa hana biro tafiya?"

"Ba ta rubutu ba ce. Da yatsun nan zan yi ta. Wannan taurin shi ake so, in babu shi ƙarfen yanka ni zai yi."

"Ana son kaushi?" Hajiya ta waiwaya ta kalli sauran matan. "Kun ji wani sabon ilimi. Yarinya, zauna. Gobe duk matan manya na Landan za su hallara, za ki miƙa wa mutane faranti da wannan hannun? A ce Hansai bauta take sa ki?"

Zinatu ta ɗaga ido ta kalli Goggo. Goggo ta mayar mata da kallon da ta sani tun tana ƙarama, kallon kada ki kuskura ki kunyata ni. Hajiya Karimatu ta girmi mahaifiyar Zinatu, ita ce ta yi mata wankan jego da ta haifi Zinatu, kuma ga baƙi cike da ɗaki. Ba a fizge hannu daga irin wannan matar. Zinatu ta san haka kamar yadda ta san sunanta.

"Jiƙawa kawai zan yi, don lallen ya kama," in ji Hajiya.

Aka kawo ruwan ɗumi a kwano da ɗan sabulu. Hajiya ta tsoma hannayen ta danne da nata, ta ci gaba da ba da labarin wani biki da aka yi a Fagge. Da fatar ta yi laushi ta yi fari, sai ta zaro dutsen goge kaushi daga jakarta.

"Hajiya, don Allah."

"Yi shiru, ba zafi."

Dutsen bai gamsar da ita ba. Ta ɓare sabuwar reza, ta kama yatsa ɗaya bayan ɗaya, tana fere kantar a hankali da ƙwarewa, kamar mai fere doya. Ba ta ko yanke ta ba. Zinatu tana kallon ɓawon yana faɗawa cikin kwano yana yawo a kan ruwa. Ta sake cewa don Allah, amma dariyar labarin Fagge ta danne muryarta. Da aka gama aka shafa mata man kaɗanya, aka kwaɓa lalle aka ƙunsa har wuyan hannu.

"To, kin ga yanzu kin zama mutum."

Abin da ya fi ci wa Zinatu rai daga baya shi ne, ta rusuna ta ce, "Na gode, Hajiya."

A wurin suna kowa sai da ya yaba hannun. Lallen ya kama ja wur. Ta raba faranti, ta zuba lemo, ta ɗauki jaririya aka yi hoto. Duk lokacin da ta matsa babban yatsa a kan sauran sai ta ji laushi irin na fatar jaririyar nan. Lahadi makaranta a rufe take. Ta wuni a ɗaki tana danna yatsunta a kan ƙarfen gado, kamar hakan zai dawo da wani abu.

Litinin tun kafin a gama share matakala ta isa makaranta. Ta shiga ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan da ke ƙasa, ta ɗago bes daga kusurwa, ta goga wa izga ƙaro, ta danna tsarkiyar farko. Zafin ya tafi har gwiwar hannunta. Ta ƙara dannawa. Sautin ya fito kamar kukan tsohuwar ƙofa, domin yatsa mai laushi ba ya kai tsarkiya ƙasa sosai.

A haka Rhoda Kambai ta same ta. Rhoda 'yar Kagoro ce, ajinsu ɗaya, mahaifiyarta nas ce a babban asibitin Camberwell. Tun tana ƙarama aka kawo ta Landan, shi ya sa Hausarta rabi da rabi ce.

"Ke Bahaushiya, wa kike yanka a nan? Tun daga stairs nake jin ihun."

Zinatu ta miƙa mata hannayen. Rhoda ta fara murmushin ganin lalle, sai ta juya tafin, ta taɓa kan yatsun. Murmushin ya ɓace.

"Ina kantar take?"

"A kwanon wanke-wanke."

"Wa ya yi miki wannan aikin?"

"Gyara aka yi min. Za a je suna."

"Kuma kika zauna? Ke da kike cinye mu da baki a class? Ke da kika ce wa conductor na bas ya koma makaranta?"

"Rhoda, kada ki ƙara min."

Rhoda ta zauna a kan kujerar fiyano ta dafe kai. "To ji nan. Kada ki yi practice yau ko kaɗan. In kika taɓa ƙarfen nan yau, gobe bororo ne. Ki bar su su huta, ni zan sato miki spirit a cupboard ɗin Mama, ki riƙa tsomawa. Gobe ki yi shi sau ɗaya, ki cije, shi ke nan."

Kafin Zinatu ta amsa, malaminsu Mista Gadsby ya turo ƙofa. Dattijo ne mai jan hanci, ya yi shekaru yana kaɗa bes a gidajen wasa kafin ya koma koyarwa. Idonsa ya sauka a kan jajayen hannayen.

"Kyakkyawa," ya ce da Turanci. "Wani biki aka yi?"

Ya kama yatsun ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya saki ajiyar zuciya irin ta wanda abin da ya daɗe yana tsammani ya faru.

"Mis Nata'ala, na sha ganin irin wannan a 'yan shekarun nan. Ana turo mana yara saboda Landan ce ake yayi, kamar yadda ake zuwa sayen takalmi. Na ɗauka ke daban ce." Ya ɗaga hannu kafin ta yi magana. "Amma bari. Ba a ɗage jarrabawa saboda kwalliya, wannan doka ce. Sai dai zan iya samun Misis Orme, shugabar sashe, in gaya mata mutanenki ne suka tilasta miki. Al'adarku ce, ba ki da bakin magana a gida. Tana da tausayin 'yan mata irinki. Za ta ɗaga miki ƙafa."

Zinatu ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Ta hango yadda za a yi: su biyu a ofis da kofin shayi, suna girgiza kai a kan Goggo Hansai, matar da ba su taɓa gani ba, wadda ta san farashin kowane yadi a Liverpool Street, wadda take tashi da asuba ta dafa mata ƙwai kafin ta fito. Za su mayar da ita wata dabbar daji mai wuƙa. Ita kuma Zinatu ta zama abar tausayi da aka ceto, a wuce da ita aji biyu ana shafa mata kai. Haushin Goggo yana nan a ƙirjinta kamar garwashi, amma nata ne, ba ta ga dalilin miƙa wa wannan mutumin shi ya yi wasa da shi ba.

"Babu wanda ya tilasta min," ta ce. "Gobe zan yi, tare da kowa."

"Ba za ki kai ƙarshe ba."

"Sai ka zo ka gani."

Ya ɗaga kafaɗa ya fita. Rhoda ta bi ƙofar da kallo, ta dawo kan Zinatu.

"Wallahi ke mahaukaciya ce. Mutum ya ba ki hanya."

"Hanyarsa ta bi ta kan Goggota."

"Goggon da ta fere ki kamar rogo?"

"Ita. Ni zan zage ta, ba shi ba."

Shawarar hutu kuwa ko ta kanta ba ta bi ba. Rhoda tana fita ta ɗauki baka. Ta san Rhoda gaskiya ta faɗa, amma ta kasa zama. Akwai wani wuri a ƙarshen kiɗan jarrabawar, inda ake ajiye baka a koma fizga da yatsa da sauri, hannun hagu ya yi tsalle daga saman wuyan bes zuwa can ƙasa. Dole ta san yadda sabbin yatsun nan za su sauka a wurin. Ta maimaita shi, ta maimaita. Kowane dannawa tana ganin fuskar wani: Hajiya da rezarta, Gadsby da hancinsa, matar da ta janye hannu, ita kanta a durƙushe tana godiya. Kafin azahar bororo ya tashi a yatsu uku na hagu. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi ya tashi a na dama, manya, cike da ruwa, lallen ya sa sun yi kamar nunannun tumatir.

Da magariba tana ƙoƙarin buɗe famfon kicin da bayan hannu Goggo ta shigo.

"Mu gani." Ta kama wuyan hannun ta kai kusa da fitila. "Subhanallahi. Kin ga abin da gogen nan ya yi miki? Hannun da aka gyara ranar Juma'a?"

"Ba shi ya yi ba, Goggo. Ke kika yi."

Goggo ta saki hannun. "Me kika ce?"

"Na ce ke kika yi. Na gaya muku ina da jarrabawa. Da Hausa na faɗa, ba da Turanci ba. Kuka yi dariya. Wata tara ina tara abin nan, ba ki taɓa tambayata don me ba, ba ki taɓa zuwa kin ji abin da nake kaɗawa ba, sai goge, goge. Kika zauna kina kallo aka kankare min shi saboda matan da ko sunana ba su sani ba su ce hannuna da laushi!"

"Ki rage murya, akwai baƙi."

"Kullum akwai baƙi!"

Goggo ta jawo ƙofar kicin ta rufe. "Ni aka ba amanarki. Ni za a tambaya. A koma Kaduna a ce 'yar Yaya tana hannuna, hannunta kamar na mai dakan tsakuwa? Gyara aka yi miki, Zinatu. Haka aka yi min, haka aka yi wa uwarki. Wace irin sana'a ce wannan da sai mace ta lalace kafin a ce ta iya?"

Zinatu ta kalle ta sosai, ta ga babu makirci a fuskar. Goggo ba ta yi don ta kayar da ita ba. Ba ta gane ba ne, har yanzu ma ba ta gane ba, kuma ba ta ga abin ganewa a ciki ba. Da mugunta ce da ta fi sauƙin ɗauka.

"In na faɗi gobe," in ji Zinatu, "ki sani ba Turawa ne suka kayar da ni ba."

"Kawo in shafa miki man zafi."

"Kada ki ƙara taɓa min hannu."

Ta wuce ɗaki ba ta ci tuwon ba.

Talata da safe Rhoda ta tare ta a banɗakin 'yan mata da 'yar kwalba a aljihun kot. Da ta ga yatsun sai ta rufe ido.

"Na ce kada ki yi practice. Da Hausa na faɗa, ko tawa ce ba ta fita?"

"Zuba kawai."

"Zai yi zafi kamar wuta. Ko in sa miki filasta?"

"Filasta zamewa take, ba na jin tsarkiya. Zuba."

Rhoda ta zuba. Zinatu ta kifa goshi a kan madubi mai sanyi, ta cije gefen ɗankwalinta har zafin ya sauka daga kanta.

Ɗakin jarrabawa dogo ne, da tagogi manya. A ƙarshensa tebur, Misis Orme a zaune, siririyar mace mai furfura da tabarau a rataye a wuya, Gadsby a gefenta. Bes ɗaya aka ajiye a tsakiya, wanda kowa zai yi amfani da shi. Yaron da ya riga ta ya fito fuska jajur. Aka kira sunanta. Rhoda ce za ta biyo bayanta.

Farko da sauƙi-sauƙi. Hawa da saukar murya da baka, a hankali. Ta danna da dukan ƙarfin kafaɗarta, ta bar nauyin hannu ya yi aikin da kantar take yi a da. Sautin ya fito da kauri, ta ji shi a cikinta ta jikin katakon. Sai kiɗa mai jan rai, wanda ake riƙe murya ɗaya a girgiza yatsa a kanta. A nan bororon farko ya fashe. Ta ji ɗumin ruwan yana gangarowa tafin hannunta, sannan raɗaɗin ɗanyen nama a kan ƙarfe. Ba ta kalli hannun ba. Ta kafa ido a kan wani tabo a bango sama da kan Gadsby.

Da ta ajiye baka ta koma fizga, na dama suka fashe kusan tare. Yanzu ba ruwa ba ne kaɗai. Tsarkiyar ta yi santsi. Ta iso wurin tsallen, ta jefa hannun hagu ƙasa, yatsan ya zame ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Sautin ya karkace, kowa ya ji. Ta jawo shi, na gaba ma ya karkace. Ta gefen ido ta ga Misis Orme ta ɗaga hannu alamar ta tsaya. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta kai kiɗan ƙarshe, ta fizgi muryar ƙarshe da ƙarfin da ya sa tagar kusa ta yi ƙara.

Ta tsaya riƙe da bes tana haki.

"Zo nan. Nuna min hannunki," in ji Misis Orme.

Zinatu ta kwantar da bes a gefensa, ta je ta miƙa. Tsakanin lalle da jini ba ka rabewa sai ka matso. Misis Orme ta sa tabarau ta matso.

Gadsby ya gyara murya. "Ya kamata in yi bayani. A gidansu akwai wata al'ada, ita yarinyar ba ta da..."

"Malam, ni ake gwadawa." Zinatu ba ta kalle shi ba. "Na kauce a wurin tsalle, da muryar da ke binsa. Saura na yi daidai. Ki yanke min hukunci a kan abin da kunnenki ya ji. Hannuna ba ya cikin jarrabawa."

Misis Orme ta cire tabarau ta daɗe tana kallonta. Babu tausayi a fuskar, babu fushi.

"To. Abin da kunnena ya ji a wurin nan bai isa aji biyu ba. Koma ki sake min shi."

"Haba, Margaret," in ji Gadsby, "dubi yatsun."

"Ta ce ba sa cikin jarrabawa."

Zinatu ta koma. Ɗaga bes ɗin kaɗai sai da ya sa ta ga duhu-duhu. Ta goge yatsun a jikin siket ɗinta, ta goge tsarkiyar da gwiwar hannu. Ta tsani matar nan a wannan lokacin fiye da kowa a duniya, ta kuma san abin da ta roƙa aka ba ta. Ta fara daga ɗan baya. Da ta iso tsallen ba ta zame yatsan a kan ƙarfe ba, ta ɗaga shi gaba ɗaya ta dasa shi kamar ƙusa, daidai kan inda ya fi ciwo. Wani ƙaramin sauti ya kuɓuce daga maƙogwaronta. Muryar bes ɗin ta tsaya daidai. Ta biyun ta ɗan yi ƙasa kaɗan, ta tura ta sama kafin ta mutu.

Misis Orme ta yi rubutu, ba ta ɗago ba.

"Kin wuce, da ƙyar. In kika sake shigo min ɗaki da hannu irin wannan, ko bikin wa aka yi, zan kore ki kafin ki taɓa tsarkiya. Goge kayan makaranta, ki turo ta gaba."

Zinatu ta kwance ɗankwalinta ta bi tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta goge wuyan bes ɗin har ƙasa. Ba ta ce na gode ba. Ta fita.

Rhoda tana bakin ƙofa tana taka ƙafa. "Yaya?"

"Na wuce."

"To me ya sa fuskarki kamar an yi miki mutuwa?"

"Ta ce da ƙyar."

"Ke, Allah ya shirye ki. Kin goge min abin dai? Ba na son in kama jinin Bahaushiya in fara taurin kai."

"Shiga, suna jira."

Ƙofa ta rufe. Zinatu ta sulale ta zauna a ƙasan baranda, ta jingina da bango, ta ɗora gwiwar hannu a kan gwiwoyinta, yatsun a sama suna bugawa kamar kowanne da zuciyarsa. Ɗalibai masu ɗauke da allunan zane suna wucewa suna satar kallonta, tana mayar musu har su kau da kai. Ta cikin ƙofa ta ji Rhoda ta gama hawa da sauka, ta gama mai jan rai, ta ajiye baka. Zinatu ta karkata kunne. Rhoda ta iso tsallen ta sauka a kansa tsaf, tun a karon farko, ba ko gargada.

Zinatu ta yi tsaki mai tsawo.